Kyrie, Sanctus, Agnus Dei: wai me muke faɗa ne in muna rera Latin a coci?

Ƙanwata, tambayarki dai ita ce kin shiga kwaya wata uku kenan, an miƙo miki takarda cike da Kyrie da Gloria da Sanctus da Agnus Dei an ce ki haddace kafin ranar naɗa sabbin Fada, kina buɗe baki kina rerawa amma ko kalma ɗaya baki san ma'anarta ba, kuma kina so ki ji ko dole ne sai da Latin ɗin tunda ga Hausa ga Turanci. Toh ni na sha bulalar Latin a ƙaramar seminari tun ina yaro, Allah bai yi zan zama Fada ba, amma na fi shekara ashirin ina koyar da kwaya, dan haka zauna ki ji.

Abu na farko da zai kwantar miki da hankali shine kalmomin nan basu da yawa. Su ɗin ne dai suke ta juyawa, yau a Gloria gobe a Agnus Dei, in kika kama kaɗan daga ciki sauran zasu biyo da kansu. Na biyu kuma, kuma wannan yana ba mutane mamaki, waƙar farko a takardar taki ba Latin bace sam. Kyrie eleison Helenanci ne, wato harshen Girka. Kyrie, ya Ubangiji. Eleison, ka yi jinƙai. Christe eleison, ya Almasihu ka yi jinƙai. Shi kenan duk waƙar, kalma uku ce kacal ake ja ana lanƙwasawa. Daga cocin Gabas masu sujada da Helenanci aka aro ta. Su ma Kiristocin farko na birnin Roma da Helenanci suke sujada, Sabon Alkawari ma da shi aka rubuta. A hankali mutanen gari suka daina jin Helenancin, sai aka koma harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, wato Latin, abun ya kammala wajen zamanin Paparoma Damasus wanda ya yi mulki daga 366 zuwa 384. Shi ne ma ya sa waliyyi Jerome aikin gyara fassarar Littafi Mai Tsarki a 382, fassarar da daga baya aka sa wa suna Vulgata, ma'ana ta gama-gari, ta talakawa. Kinga kenan Latin ɗin da muke wa kallon harshen manya yau, shigowarsa coci dalilinsa ɗaya ne da dalilin da yasa aka kawo Hausa coci, dan mutane su ji abun da ake faɗa. Kuma ba a Roma kaɗai aka ƙera kalmomin ba, Afirka ta Arewa na da babban hannu, Tertullian mutumin Kartaj ne a ƙasar Tunisiya ta yanzu, wajen shekara ta 200 ya yi rubutu, a wurinsa aka fara ganin kalmar trinitas a Latin, ga Augustine kuma bishop ɗin Hippo wadda yau ake kira Annaba a Aljeriya.

Akwai wasu baƙin ban da Kyrie. Amen, Alleluia, Hosanna, Sabaoth duk Ibrananci ne aka bar su yadda suke. Amen ai kin sani, ita ce amin ɗinmu ta kullum. Alleluia, ku yabi Ubangiji. Hosanna asalinta roƙo ne daga Zabura 118, ka cece mu muna roƙo, daga baya ta zama kirari. Sabaoth kuma nan ne kusan kowa ke faɗawa rami, suna ɗauka Asabar ce ranar hutu, ba ita bace, runduna take nufi, Dominus Deus Sabaoth shine Ubangiji Allah Mai Runduna da kike karantawa a Ishaya.

Yanzu ga makullin da nake so ki riƙe fiye da komai, dan in kin gane shi kin gama rabin aikin. Latin a wutsiyar kalma yake nuna aikinta. Wanda ya taɓa zama kusa da masu karatun nahawun Larabci ya san wannan, kitabun, kitaban, kitabin, littafi ɗaya ne amma ƙarshen ke gaya maka shi ya yi ko shi aka yi wa. Haka Dominus. Dominus, Ubangiji ne ke aikatawa, kamar a Dominus vobiscum. Domine, kiransa ake, ya Ubangiji. Domini, na Ubangiji, kamar in nomine Domini, cikin sunan Ubangiji. Domino, ga Ubangiji. Dominum, shi aka nufa da aikin. Deus ma haka, Dei na Allah, Deo ga Allah, Deum. Dan haka Agnus Dei ɗan rago NA Allah, Gloria in excelsis Deo ɗaukaka GA Allah a can bisa, Deo gratias godiya GA Allah. Ba kalmomi biyar kike haddacewa ba, ɗaya ce ta sauya riga. Sai kuma mu: nos mu, nobis gare mu, noster namu. Pater noster Ubanmu, ora pro nobis yi addu'a dominmu. Kuma duk aikatau da kika ga ya ƙare da mus, toh mu ne ke yi, duba tsakiyar Gloria, laudamus te, benedicimus te, adoramus te, glorificamus te, muna yabonka, muna albarkace ka, muna maka sujada, muna ɗaukaka ka, te ɗin shine kai. Oremus da Fada ke cewa, mu yi addu'a. Habemus muna da shi, in Fada ya ce Sursum corda, wato zukata sama, sai mu amsa Habemus ad Dominum, suna wurin Ubangiji, kuma kalmar nan ce dai duniya ta ji ranar 8 ga Mayu 2025 da aka fito barandar cocin Saint Peter a Batikan aka ce Habemus Papam, mun samu Paparoma, lokacin da aka zaɓi Leo na 14.

Gaisuwar nan ta Dominus vobiscum ina sonta sosai saboda babu aikatau a ciki, Ubangiji tare da ku, ƙarshe. Bo'aza ne ya gaida masu girbinsa da ita a littafin Rut sura 2. Amsar kuma Et cum spiritu tuo, da kuma ruhunka, irin yadda Bulus ke rufe wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti. In kina tuna lokacin da aka sauya amsar a Misar Turanci a ƙarshen 2011 mutane suka yi ta tuntuɓe na makonni, toh wannan spiritu ɗin ne aka dawo da shi dan tsohuwar fassarar ta haɗiye shi. Bishop kuwa in shi ke jagora da Pax vobis yake buɗewa, salama gare ku, kalma da kalma gaisuwar da maƙwabtanmu Musulmi ke yi kullum, kuma ita Yesu ya yi wa almajiransa bayan tashinsa.

Gloria layinta na farko waƙar mala'iku ce a Luka sura 2 daren haihuwa, et in terra pax hominibus, salama kuma a duniya ga mutane. Terra ƙasa, caelum sama, pax salama, waɗannan ukun zaki yi ta haɗuwa dasu. Can ƙasa akwai tu solus Sanctus, tu solus Dominus, tu solus Altissimus, kai kaɗai ne Mai Tsarki, kai kaɗai Ubangiji, kai kaɗai Maɗaukaki. Ba a yinta ranakun Lahadi na Azumi da na makonni huɗun kafin Kirsimeti, shi yasa in ta dawo daren Ista ake haɗa ta da ƙararrawa.

Credo ita ce mai tsawo kuma ita 'yan kwaya suka fi tsoro, amma labari ne a jere. Credo, na ba da gaskiya, ni ɗaya, wannan o ɗin na ƙarshe shine ni. In unum Deum, ga Allah ɗaya. Factorem caeli et terrae, mahaliccin sama da ƙasa. Lumen de lumine, haske daga haske. Genitum non factum, haifaffe ba halittacce ba. Crucifixus, passus, sepultus, resurrexit, an gicciye shi, ya sha wahala, an binne shi, ya tashi. Kalmomin da aka yi faɗa a kansu guda biyu ne. Consubstantialem Patri, zati ɗaya da Uba, wannan a taron Nikiya na 325 aka tsayar da ita da Helenanci dan a toshe koyarwar Arius na Iskandariyya da ke cewa akwai lokacin da Ɗan bai kasance ba, aka ƙarasa sauran a Konstantinoful a 381. Ɗayar kuma Filioque, da kuma Ɗan, wato Ruhu Mai Tsarki na fitowa daga Uba da Ɗa. Babu ita a asalin rubutun Helenanci, a Sifen aka fara sakawa, Roma ta karɓa a Misa a 1014, kuma tana cikin abubuwan da suka raba mu da cocin Otodoks har yau. Kalma ɗaya fa. In an zo Et incarnatus est ana sunkuyawa, ranar Kirsimeti da 25 ga Maris kuwa durƙusawa ake, dan incarnatus daga caro ta fito, caro nama ne, jiki, ya ɗauki jiki kenan.

Sanctus kin riga kin san ta da Hausa, Mai Tsarki sau uku daga Ishaya sura 6, pleni sunt caeli et terra gloria tua, sama da ƙasa cike suke da ɗaukakarka, sai Benedictus qui venit, mai albarka ne mai zuwa, kirarin da aka yi wa Yesu yana shiga Urushalima.

Agnus Dei kuma bari in ɗan tsaya a kanta dan ita ce ta fi taɓa ni. Maganar Yohanna Mai Baftisma ce a bakin Urdun, Paparoma Sergius na 1 wanda ya yi mulki 687 zuwa 701 shi ya shigar da ita Misa a riƙa rerawa lokacin da ake kakkarya gurasar. Qui tollis peccata mundi. Peccata zunubai, mundi na duniya. Amma tollis ɗin nan fuska biyu gare ta, tana nufin ka ɗaga kaya ka aza a kanka, tana kuma nufin ka kawar da shi gaba ɗaya. Turanci sai ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya. Mu kuwa muna da ɗauka muna da ɗauke, tushe ɗaya, wasali ɗaya ne tsakaninsu, ɗan ragon ya ɗauki zunubin a kansa kuma ya ɗauke mana shi. Duk lokacin da na koyar da wannan nakan ce wa yara a nan kam Hausa ta fi Turanci kusa da Latin. Miserere nobis, ka ji tausayinmu, daga nan misericordia ta fito, miser wanda ke cikin wahala, cor zuciya, zuciyar da ta karkata ga mai wahala, wato jinƙai. Na ukun sai a rufe da dona nobis pacem, ka bamu salama, pacem ɗin pax ce ta sauya riga. Wata baba a wani ƙauye da na taɓa koyarwa ta shekara da shekaru tana ɗauka waƙar waliyya Agnes ce, har ta tambaye ni me yasa ita kaɗai ake wa waƙa kowace Lahadi ba a yi wa sauran waliyyai. Ban yi mata dariya ba dan ba laifinta bane, ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata. Kuma ma bata yi nisa sosai ba, saboda kamannin sunan ne ake zana Agnes riƙe da ɗan rago, har ranar bikinta 21 ga Janairu akwai al'adar sa wa 'yan raguna albarka a Roma, da gashinsu ake saƙa ɗan mayafin wuyan nan na manyan bishop-bishop.

Irin wannan kirarin na per omnia saecula saeculorum kada ki wahalar da kanki, har abada abadin ne, ginin ma iri ɗaya, zamanai na zamanai. Mea culpa, mea culpa, mea maxima culpa, laifina, laifina, babban laifina, ana bugun ƙirji. Domine non sum dignus, ya Ubangiji ban isa ba, maganar jarumin sojan Roma a Matiyu sura 8. Requiem aeternam hutu na har abada, kuma RIP ɗin da ake rubutawa a kan kabari asalinsa requiescat in pace, ya huta cikin salama. Sunan Misa kansa, ko Mas yadda yawancinmu ke faɗa, daga sallamar ƙarshe ya fito, Ite missa est, ku tafi an sallame ku. Tantum ergo da muke yi gaban Sakramenti, kin taɓa lura ergo ce kalmarta ta biyu? Ergo saboda haka ne, kuma ba mai fara magana da saboda haka, dalili shine baiti biyun ƙarshe ne na waƙa mai baiti shida, Pange lingua, ta Toma Akwinas, ta bikin Corpus Christi, wato na Jikin Almasihu, da Paparoma Urban na 4 ya kafa a 1264. Cikakkiyar sai ranar Alhamis Mai Tsarki ko bikin Corpus Christi ɗin zaki ji ta.

Furuci kuma, a nan mun ci riba kuma mun yi asara. Ribar ita ce wasulan Latin biyar ne tsaf irin namu, a e i o u, yadda aka rubuta haka ake faɗa, kada ki bari Turanci ya lanƙwasa miki su. Coci furucin Italiya take bi, c in ta zo kafin e ko i ko ae daidai take da c ɗinmu ta ci da cika, dan haka pacem ki karanta ta kamar Hausa ce, caeli kuma celi. In kafin a, o, u ce sai ta zama k, corda korda. Gn ny ne, anyus ba agnus ba, dinyus, manyifikat. Gratia gratsiya. Excelsis ekshelsis. H ba a furta ta, sai a mihi da nihil da ake cewa miki da nikil. Asarar kuwa p da v, bakinmu na son mayar da Pater ya zama fater, vobiscum bobiskum, na taɓa tsayar da gwaji gaba ɗaya saboda sashen maza na ta rera faks hominibus kamar masu aika takarda a ofis. Sai cusa wasali inda babu shi, sankitus, a'a, sanktus ne gaɓa biyu, in kika ƙara gaɓa kin ɓata kiɗan dan kowace gaɓa da nata sautin.

Wani abu da nasan zai burge ki tunda da do re mi kuke koyon waƙa, shi ma Latin ne na coci. Wani ɗan zuhudu a Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11 ya ɗauki waƙar Yohanna Mai Baftisma wadda kowane layi ke farawa da sauti sama da na baya, Ut queant laxis, Resonare, Mira, Famuli, Solve, Labii, ya ciro gaɓar farko ta kowanne, ut re mi fa sol la. Daga baya aka mayar da ut ta zama do dan ta fi daɗin ja. Kenan tun ranar da kika shiga kwaya kike rera Latin baki sani ba. Salon waƙar kuma da ake kira na Gregory, an jingina shi ne ga Paparoma Gregory na 1, 590 zuwa 604, kodayake yawancin waƙoƙin bayansa suka daidaita, 'yan zuhudun Solesmes a Faransa ne suka farfaɗo da shi a ƙarni na 19. In zan yi caca, takardar hannunki Missa de Angelis ce da Credo na 3, su ne aka fi ji a ƙasar nan.

Toh batun ko dole ne. Tun lokacin da Fadan SMA, wata ƙungiyar 'yan mishan ta Katolika, suka iso Shendam ta jihar Filato ta yanzu a 1907 har zuwa shekarun 1960, Misa da Latin take baki ɗaya bisa littafin da Pius na 5 ya fitar a 1570, kakanninmu wa'azi da katikisma kawai suke samu da harshen da suke ji. Taron Batikan na biyu, babban taron bishop-bishop na duniya, shi ne ya buɗe ƙofa, takardarsa kan sujada ta fito 4 ga Disamba 1963. Amma abun da mutane ke cewa wai taron ya soke Latin ba gaskiya bane. Sakin layi na 36 cewa ya yi a riƙe Latin, a kuma ba harsunan gida wuri, na 54 kuma ya ce a kula jama'a su iya faɗa ko rera sassan da suka shafe su tare da Latin. Paul na 6 har ɗan littafi ya aika wa bishop-bishop a 1974, Jubilate Deo, na 'yan waƙoƙin da yake so kowane Katolika ya iya. Dan haka Misar Hausa cikakkiyar Misa ce, ba ragi ko na ƙwayar zarra, Latin bata da wani sirri ko ƙarfi da Hausa bata da shi, duk wanda ya ce miki addu'ar Latin ta fi saurin isa sama ki ce ya kawo inda aka rubuta. Amfaninta a wani wurin yake, ranar naɗin nan da kuke shiri za a zo da mai Tibi da mai Ibo da mai Birom da mai Kataf, wani ma daga Kamaru ko Nijar da Faransanci, in aka ɗaga Sanctus kowa na da baki a ciki kuma ba wanda zai ce an fifita yaren wani.

Abun da nake faɗa da 'yan'uwana masu koyar da kwaya a kai shine wanda zai kwaso wata doguwar waƙar Latin mai murya huɗu ranar Lahadi a ƙaramin coci, jama'a su yi tsuru suna kallo, shi kansa ka tambaye shi me tollis ke nufi sai ya kama tari. Wannan burga ce. Ni a kwayata ba a fara sautin waƙa sai an gama da ma'anarta, kuma abun da zan ce ki yi kenan daren nan, ki ɗauki takardar da fensir, ƙarƙashin kowace kalma ki rubuta Hausarta ƙanana, ki fara da Agnus Dei dan layi uku ne kuma biyu iri ɗaya ne, gobe Sanctus, jibi Gloria, Credo ki bar ta sai ƙarshe ki yanka ta gida uku, na Uba, na Ɗa, na Ruhu. Inda kika maƙale ki tare Fada ko katikis bayan Misar safe, ko ki turo min layin in warware miki.